Bindigar Kawu a Cikin Firigo

Ni roba nake liƙawa. Ita ce sana'ata tun ina saurayi, a wata 'yar rumfa bayan Grand Marché, layin masu sayar da ƙusa da fenti. Murfin babur ɗin 'yan kalando, wato masu acaɓa, in ya tsage, tankin ruwa in ya fara yoyo, kujerar da wani ƙato ya zauna ya ɓalle mata ƙafa, duk wurina ake kawowa. Bindiga kuwa ban taɓa sa ran zan kai mata hannu ba. A garin nan mai hankali ba ya son a gan shi kusa da ita, ko da ta wasan yara ce. To amma Kawu ne ya aiko a kira ni, wan mahaifiyata, kuma Kawu ba mutumin da ake ce wa "ina zuwa" ba ne. Na rufe rumfa da rana tsaka na nufi unguwarsu, Ridina.

Dangin uwata duk mahauta ne. Kakansu ya taso daga yamma da ƙafa zai je Makka, ya iso nan guzuri ya ƙare, ya ɗauki wuƙa don ya tara na gaba, shi ke nan har yau ana tarawa. Kawu ma da wuƙa ya fara, amma abin da aka san shi da shi daban ne. Akwai jajayen shanun nan masu dogon ƙaho da ake korowa daga daji, waɗanda ba su taɓa jin ƙarar mota ba. Wani sa'in ɗaya zai tsinke igiya tsakanin kara da mayanka, ya haukace, ya watsa 'yan kora, ba mai iya kusantarsa. Nan ake aikawa a ɗauko Kawu da bindigarsa ta farauta, mai takardar hukuma, wadda ba ya wasa da sabunta ta.

Aikin ba kashewa ba ne, nan wuyar take. Malamanmu sun ce dabbar gida ko ta haukace ba ta zama naman daji ba, harsashi ba ya halatta ta, sai wuƙa. In kuwa harsashin ya huda hanji ko ya karya gadon baya, ko an yanka ba a ci. Saboda haka ƙafar baya Kawu yake nema, daidai gaɓar da ke ƙasa da cinya, wurin da bai fi tafin hannu ba. Sa ya durƙushe, samari su danne, a yi bismilla a yanka. Shekara da shekaru yana wannan bai taɓa mayar da dukiyar wani mushe ba, kuma in ka ga tafiyarsa ka san ya sani.

Sai a wata bazara abin ya faru. Sa ya tsinke, aka kira Kawu, ya harba, harsashi ya tashi sama ya shiga ciki. Kafin a kai wuƙa san ya gama shure-shure. Aka ja shi da igiya zuwa bayan gari aka bar wa ungulaye, mutane suna tsaye suna kallo, Kawu ma yana tsaye. Mai san ya juya ya tafi abinsa, kuma da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Sarkin pawa, wanda tare suka tashi da Kawu, ya aiko da magana mai laushi, wai Alhaji ya huta haka nan, ya yi wa jama'a ƙoƙari. Kowa ya san fassararta.

Wanda bai iya laushi ba shi ne babban ɗan Kawu, taubashina, mai shagon nama a unguwar Milezi. Tun muna yara ni da shi ba a rabuwa kuma ba a jituwa, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Ya tsaya gaban ubansa ya ce hannun Baba ya fara rawa, yau sa ne, gobe ɗan mutane ne, a mayar wa hukuma bindiga tun ana shaida juna. Kawu ya ce hannunsa lafiya lau, bindigar ce ta ci amanarsa. Aka ja, aka ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: a gyara ta, a tara mutane ranar Juma'a, ya harba a gabansu. In ya samu, a ci gaba da kiransa. In ya kuskure, da hannunsa zai miƙa ta.

Na same shi ƙarƙashin rumfar tsakar gida, bindigar tana kwance a tabarma, babu harsashi a ciki. Asalin ƙotarta, wato jikin da ƙarfen yake kwance a ciki har zuwa inda ake dafawa a kafaɗa, ta katako ce. Shekarar da Kawu ya je ya ƙarasa hajjin da kakansa bai kai ba, ya naɗe ta a bargo ya kulle a ɗaki, gara ta shiga ta yi walima. Wani ɗan'uwa mai fatauci ya samo masa ta roba, baƙa, mara nauyi, aka yi ta yaba ta, wai gara ba ta ci, ruwa ba ya ci. Ba wanda ya tuna da zafin ranar N'Djamena.

"Kama nan ka murɗa," in ji Kawu.

Na kama gaban ƙotar, inda hannun hagu yake tallafa, na murɗa. Wallahi ta bi hannuna kamar silifas ɗin wanka. Na yago takardar da aka ƙunso masa goro na zura tsakanin robar da bututun ƙarfen. Ta dama ta shige, ta hagu ta ƙi. Na ɗan matsa ƙotar da yatsa ɗaya, sai labari ya juye, ta hagu ta shige, ta dama ta ƙi. Ko da notin nan biyu da suka riƙe ƙarfen suna ɗaure, in ka girgiza sai ka ji shi yana motsi a kwancinsa. Wannan ba sai maharbi ba. Abin da aka ɗora a kan shimfiɗa mai motsi ba zai kalli wuri ɗaya sau biyu ba. Ga shi ranar da abin ya faru bindigar ta sha rana a bayan babur, sannan Kawu ya dafa ta a kan shingen kara ya danna da ƙarfi.

Na ce masa gaskiyarsa ce, ƙotar ba ta da lafiya. Na ga yadda ya sauke numfashi, sai tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya. Don muddin ƙotar nan tana lanƙwasa, Kawu yana da inuwar fakewa. Ran da na gyara ta, ba sauran wanda za a ɗora wa laifi sai shi. Na so in ce aikin ya fi ƙarfina, amma na karɓa.

A gidansa na yi aikin, don takardar sunansa ke jiki, ba ni da dalilin yawo da ita. Shi ya kwance ƙarfen ya ajiye kusa da cinyarsa, ya miƙo mini robar. Ashe cikinta fanko ne, ramuka-ramuka irin na tiren ƙwai, ba abin da ya riƙe ta sai fatar baki. Na kankare ciki sosai, na bi shi da ƙananan huji ta ko'ina, domin irin wannan robar mai santsi gam ba ya kama ta, sai dai ya shiga rami ya maƙale. Na wanke da alkol, wato sifirit, na bar ta ta bushe. Na yanko sandunan ƙarfe biyu sirara, kaurin fensir, na kwantar da su a tsawon gaban ƙotar, sannan na kwaɓa gam mai haɗi biyu, irin mai garin ƙarfe wanda nake toshe radiyeta da shi, na zuba har ya rufe su. A wannan zafin gam ba ya jiran kowa. Cikin kwanon ruwan randa nake sa gwangwanin don ya ɗan saurara mini. Kawu yana zaune yana jan carbi, lokaci-lokaci ya ce nan bai cika ba, can ya yi yawa, ni kuma in ce to, alhali ko gam ɗin takarda bai taɓa kwaɓawa ba.

Washegari na kama gaban ƙotar na murɗa, ta tsaya ƙyam kamar taɓarya. Kawu ma ya murɗa, ya gyaɗa kai, ya sa aka kawo shayi. Na ce a raina rabin aiki ya tafi.

Saura shimfiɗar. Ita kuwa ga yadda take: ka shafa gam a inda ƙarfen yake kwanciya, ka ɗora ƙarfen tun gam yana ɗanye, ka ɗaure, ka bari ya bushe. In ya bushe sai ya ɗauki siffar ƙarfen sak, yadda laka take ɗaukar sawun ƙafa, daga nan ba sauran motsi. Bututun kuma ka naɗe shi da salatif tukuna, don in an cire salatif ɗin ya zama yana tsaye a iska, ba abin da ke taɓa shi. Sharaɗin guda ne. Dole a shafe ƙarfen da abin da gam ba zai kama ba, in ba haka ba an ɗaura auren da babu saki. Ni abin da na saba da shi man goge takalmi ne, mara launi, shi na zo da shi a aljihu.

Na riga na kwaɓa gam na shafa a ƙota lokacin da Kawu ya ga gwangwanin man a hannuna. Ya tambaya ko mene ne, na gaya masa.

"Abin da ake shafa wa takalmi ba zai hau bindigata ba," ya ce.

Ya ce a miƙo masa kitsen ƙoda. Da shi mahauta suke shafe barho da gatari don kada su yi tsatsa, da shi ubansa ya yi, da shi yake shafa bindigar tun ban san hannun dama ba. Na ce Kawu kitse narkewa yake. Ya ce na tozo ke narkewa, na ƙoda yana da taurin kai, in ban san nama ba in tsaya a bokitina. Ni mutum ne mai zuciya, ko matata ta shaida, kuma a ranar na ji ta taso mini. Amma ba a ɗaga wa kawu murya, ga gam ya fara ɗumi a cikin ƙota, ba lokacin musu ba ne. Na haɗiye. Da babban yatsansa ya bi ƙarfen ya lafta kitse, fari fat, ko'ina da ko'ina. Ni dai na juya baya na shafa wa notin biyu man takalmina ba tare da ya gani ba. Muka kwantar da ƙarfe, na ɗaure sama-sama, na share abin da ya tumbatso, muka kai ta ɗaki muka rufe ƙofa.

Ɗakin rufin kwano ne. Ranar kuma aka yi wani irin zafi wanda ko ƙadangare bai fito ba, wuta ta ɗauke tun hantsi, fanka tana tsaye tana kallonmu. Ga gam shi ma in zai bushe zafi yake fitarwa. Duk na san wannan, shi ya sa na koma rumfa ina aiki hankalina yana Ridina.

Da safe na zo. Notin suka kwance lafiya lau. Na kama bututu na ɗaga, shiru. Na ƙara ƙarfi, shiru. Na ɗauko guntun katako na ɗan bubbuga daga ƙasa, ko gezau. Sai idona ya kai kan tabarma, daidai ƙarƙashin inda bindigar ta kwana, ga maiƙo ya yi tabo, tururuwa sun yi masa layi. Kitsen ya narke ya zurare tun kafin gam ya kama jikinsa. Na taɓa kunamar bindigar, ita ma ta ƙi motsi, gam ya gangara gefenta ya riƙe, kuma ba hanyar isa gare ta sai an raba ƙarfe da ƙota. In na sa kurfi na ɓanɓare da ƙarfi, robar ce za ta fashe. Garin neman gira ke nan, ga Juma'a ta matso.

Kawu ya tsuguna ya dangwali maiƙon ya shinshina. Bai ce laifina ne ba, ni ma ban ce ai na faɗa ba. Da ma ya zage ni da na samu abin yi da bakina. Ya koma ya zauna a kujerarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, sai na ga tsoho a wurin, abin da ban taɓa gani ba.

Dabara ɗaya na sani, daga aikin babura na koye ta. Ƙarfe in ya sha sanyi sosai yana tsukewa, ba daidai yake tsukewa da roba ba, sai gam ya rasa wanda zai bi ya saki. Amma ba sanyin ƙanƙarar leda ba. Sai dogon firigo, wato firijin ajiye nama, wanda ba zai mutu ba in an ɗauke wuta. A duk danginmu mutum ɗaya ke da shi, da injin wutarsa, kuma a Milezi yake. Na faɗa ina kallon ƙasa.

"Ɗauko babur," ya ce.

Ya sa takardunsa a aljihun gaba, muka naɗe bindiga a tabarma, ya rungume ta a bayana. Muna isa wata mahaɗa sai ga jandarmomi suna duba masu wucewa. Mutum yana da gaskiya ma, doguwar tabarma mai nauyi a bayan babur ba abin so ba ce. Ɗaya ya ɗaga mana hannu, Kawu ya miƙa takardu tun kafin a tambaya, ya buɗe bakin tabarmar da kansa. Mutumin ya karanta a tsanake, ya duba lambar da ke jikin ƙarfe, sannan ya tambaya da Larabci ina za a kai ta. Kawu ya ce firigo za a sa ta. Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya ga ba mai dariya a cikinmu, ya miƙo takardun ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Taubashina yana kan kututture yana sara lokacin da muka tsaya. Ya hango ni ya fara, wai bawansa ya zo ɗaukar ƙashi, sai ya ga wanda ke bayana, maganar ta maƙale. Kawu bai roƙa ba. Ni na yi bayani. Taubashina ya ce madalla da mai liƙa bokiti, an ba shi bindiga ya mayar da ita sanda. Sai ya ajiye gatari, ya goge hannu, ya matso kusa da ubansa ya sassauta murya. Ya ce Baba wannan sauƙi ne daga Allah, a bar ta haka, a ce wa mutane bindiga ta lalace wurin gyara, ba wanda ya kuskure, ba wanda ya ji kunya. Gaskiya ni ma a raina na so Kawu ya karɓa. Sunana ne zai ɓaci, kuma na yarda, sunan mai liƙa roba ba wani nauyi gare shi ba.

"Buɗe firigon," in ji Kawu.

Da hannunsa taubashina ya kwashe naman, cinyoyi da haƙarƙari, ya jibge a tebur cikin wannan zafi, ya aika a kira masu tsire su zo su ɗauka yadda suka ga dama. Ya shimfiɗa buhu a ƙasan firigon, ya karɓi bindigar ya kwantar, ya rufe, ya je ya tada inji. Da Kawu ya zagaya alwala sai ya jawo ni gefe. Ya ce ni ma ina ganin ƙin ubansa yake, ko? Ya ce shi ya ja igiyar mushen nan zuwa bayan gari. Ya ce a bayan shingen da san yake tsaye akwai mata masu sayar da nono a zaune, kuma tun ranar in ya rufe ido su yake gani. Na ga tsoronsa ya fi nawa hujja.

Ta kwana a ciki, inji yana ta ruri. Da safe muka buɗe, ta yi fari fat, in ka taɓa ƙarfen sai ka ji kamar wuta. Na kama ta da tsumma, na kifa ta a kan buhu, taubashina ya riƙe ƙota, na ɗauki katako na buga wa bututu daga gindi. Shiru. Na sake, shiru. Gumi yana zuba daga haɓata yana sauka a kan ƙarfen, kuma na san kowane ɗigo ɗumi yake mayar mata. Kawu yana tsaye a kaina, ina jin numfashinsa. Na yi bismilla na ƙara bugu, wanda ya fi na baya, sai muka ji ƙas. Na rufe ido, na ce shi ke nan na fasa ta.

Ashe gam ne ya saki. Ƙarfen ya ɗago a hannuna. Na leƙa cikin ƙota, ga shimfiɗa sumul, har 'yan ƙarce-ƙarcen da ke jikin ƙarfen sun fito a kanta, wuri ɗaya ne kawai ya ɗan ɓantare, shi ma ba inda nauyi yake ba. Na zauna a ƙasa cikin ruwan nama ban damu ba. Na bi gefen kunama da reza da allura na cire abin da ya riƙe ta. Muka shanya komai ya bushe, Kawu ya goge, na warware salatif, muka mayar muka ɗaure. Na zura takarda tun daga baki har gindi, dama da hagu, ta wuce ba ta taɓa komai ba. Na girgiza, ba motsi.

Na roƙe shi mu fita ni da shi kaɗai ya gwada kafin ranar. Na roƙa har na gaji. Ya ce harsashi ba gyaɗa ba ne, abin da za a gani a gan shi gaba ɗaya.

Bayan an sauko Juma'a muka fita can bayan gari, bakin kogin Shari, inda gaɓa ta yi tsawo, ba gida ba garke. Sarkin pawa ya zo, mai san nan ya zo, da wasu dattawan mahauta, da taubashina ɗauke da ƙafar sa da fatarta, wadda za a kafa a harba. Kawu ya sa aka cika buhu biyu da yashi, ya kwanta rub da ciki, ya dasa bindigar a kansu, ya yi ta gyara mata zama. Taubashina zai tafi kafa ƙafar, Kawu ya ce a'a, wanda ya gyara shi zai kafa. Na karɓa na tafi, da farar rigata ta Juma'a, ina tafe har ya ce ya isa. Ya ce in tsuguna in fuskance shi, in kafa ta tsakanin gwiwoyina, kada in tashi sai ya ce. Na tsuguna. Rana tana dukan ƙeyata, yashi yana cin tafin ƙafata, ina ta mita a zuci, wannan wane irin iyayi ne. Can dai ya ce in taso.

Na dawo na tsaya bayan mutane. Kawu ya zaro harsashi daga aljihu ya zura shi a hankali, kamar mai gudun tada jariri. Ya kwantar da kunci. Ba mai tari. Taubashina hannun ubansa kawai yake kallo, ni kuma na kasa kallon komai, addu'a nake, ban ma san wadda nake karantawa ba. Jiran ya yi tsawo har na ji kamar in ce a fasa. Sai ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse daga bakin ruwa, ƙafar san ta yi tsalle ta faɗi gida biyu, daidai gaɓa.

Sarkin pawa ya ce masha Allah, ya kama hannun Kawu ya tashe shi, ya ce a yafe masa saƙon da ya aika. Mai san ma ya miƙo hannu. Taubashina ya tsuguna gaban ubansa a gaban kowa ya ce Baba ya yafe masa, shi ne ya yi gaggawa. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na fara yi wa taubashina tsiya, na ce daga yau ya san waye bawan wani. Kawu bai yi murmushi ba, ya naɗe tabarmarsa, ya ce in kai shi gida.

Mun yi nisa, mun bar sauran a baya, sai na ji bakinsa kusa da kunnena.

"Ban ga ƙafar nan ba."

Na zaci iska ce ta gurɓata maganar. Na ce na'am?

"Farar rigarka na gani. Da ka tsuguna, a kanka na daidaita ta, na sauke kaɗan, ban ƙara motsa ta ba. Sauran kuma Allah ne."

Na taka birki a gefen hanya, saura kaɗan mu zube. Tsoro ne ya fara zuwa, fushi ya biyo shi, na juyo na ce Kawu ni ka saita? Ya ce a lokacin harsashin yana aljihunsa, shi ba mahaukaci ba ne. Ya ce idon ya daɗe yana yi masa hazo, abu babba yana gani, ƙarami sai ya narke. Na ce to yanzu fa, ga shi gobe in sa ya tsinke kai za su aiko wa.

"Ba zan je ba," ya ce. "Yanzu ina iya ƙin zuwa. Da, korata aka yi."

Ya ce ranar Litinin in zo in kai shi ya mayar da ita inda aka ba shi takardarta, da ƙafarsa, a matsayin wanda ya gaji don kansa. Daga nan in wuce da shi wurin masu duba ido. Ya ce in akwai matakala ni zan riƙe masa hannu, ba ya so taubashina ya gani tukuna.

Fushin ya zube. Duk gumin da na yi, da kitse, da firigo, da naman da aka rabar, ashe don tsohon nan ya samu ya fita ta ƙofa ne, ba ta taga ba. Na so in yi shiru, amma tambayar ta fi ƙarfina. Na ce Kawu, ranar da san nan ya mutu, ka ga ƙafarsa?

Ya gyara riƙon tabarmarsa.

"Na ga sa," ya ce.

Na tada babur. Har muka shiga Ridina hannunsa ɗaya yana rungume da tabarma, ɗayan yana riƙe da rigata ta baya, ni kuwa ina tuƙi a hankali, hawaye suna zubo mini ban share ba.